Tsintsiyar Baba Almu

Duk wanda ya taɓa zama a gidanmu na bayan layin dogo a Agege ya san Baba Almu, amma ba wanda zai iya ce maka ga launin bangon ɗakinsa. Ƙofar nan kullum a rufe take. In zai shiga sai ya buɗe ta daidai faɗin kafaɗarsa ya zame ciki, in zai fita ma haka. Lokacin da muka tare a gidan ni da mijina Ɗahiru, bayan an gama yaƙin basasa, na ɗauka zinariya yake ajiyewa a ciki. Ni Rabi haifaffiyar Agege ce, ƙafata ba ta san kulle ba balle bakina, ba na iya ganin abu a rufe in yi shiru. Duk da haka sai da muka daɗe muna maƙwabtaka, ƙofata na kallon tasa, kafin na san abin da yake ɓoyewa. Tsintsiyar wanke banɗaki ce, da bokiti da kwalbar aizal, maganin wanke masai.

Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Ƙaraye. Gidan mahaifinsa, Malam Shitu, yana bakin burtalin da masu koro shanu zuwa kudu suke bi, kuma a faɗarsa zauren gidan bai taɓa kwana babu baƙo ba. In ina girki a bakin ƙofa yakan tsaya ya ba ni labarin, ko na tambaya ko ban tambaya ba. Baƙo in ya yi sallama, ruwan sha ake fara miƙa masa kafin a tambayi sunansa. A shimfiɗa masa tabarma, a kai masa ruwan wanka har makewayi, a ajiye masa buta cike. Ba a tambayarsa yaushe zai tafi. In zai tafi a raka shi har inda gonaki suka ƙare. Akwai kuma wata doka da Malam Shitu bai yarda a yi wasa da ita ba: tsintsiyar makewayi can bayan gida take zama, a rataye jikin darni, ba ta haɗa rufi ɗaya da wurin da baƙo zai sa hannu a ƙwarya. Almu ya ce ya taɓa shan mari a kan wannan yana yaro, har ya girma bai manta zafinsa ba.

Shekara guda bayan samun 'yancin kai ya biyo taragon shanu ya sauka a Agege. Ya sami aiki a rumfar fatu kusa da kwata, yana kankare ƙiraga yana zuba musu gishiri yana shanyawa, aikin da bai canza ba har ƙarfinsa ya ƙare. Daga baya matarsa Maimuna ta biyo shi. Ni ban riske ta ba, zazzaɓi ya ɗauke ta ana tsakiyar yaƙi, Allah bai ba su haihuwa ba, shi kuma bai sake aure ba.

Gidan namu irin na Ikko ne, ɗakuna na kallon juna, siririn lungu a tsakiya mai duhu ko da rana tsaka. A lungun kowace mace take ajiye rishonta da tukwanenta. Can ƙarshe akwai wurin wanka ɗaya da masai ɗaya, na mutanen gidan duka. Mai gidan wata tsohuwar Bayarabiya ce, Iya Onile muke ce mata, ita ta raba mana kwanaki, kowane ɗaki da ranar da zai wanke. Ranar ɗakin Almu Laraba ce. Da can Maimuna ke yi. Da ta rasu sai ya ɗauki tsintsiyar da kansa.

Na taɓa ce masa, "Baba, ka bar min Larabarka in haɗa da tawa, mene ne a ciki?"

Ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Rabi. Matar wani ba za ta wanke ƙazantata ba."

Yakan bari sai hantsi, maza sun watse kasuwa, sannan ya cire hula ya naɗe wando ya shiga. Ba don ina yabonsa ba, ranar Laraba ce kaɗai mutum zai yi wanka a gidan nan bai ji tsoron santsin gansakuka ba.

Wankin ba shi ne damuwarsa ba, inda zai ajiye kayan ne. Ya gwada barin su a banɗakin, aka ɗauke tsintsiyar, da ta dawo an share lambatu da ita duk ta karairaye. Ya sayi wata ta kwakwa ya jingine a lungu, Iya Onile ta daka masa tsawa, "Ko si aye, Baba," wato babu wuri, nan ake dafa abin da za a ci. Bayan tagarsa kuwa bangon maƙwabta ne da lambatu. Sai ya shigar da su ɗaki ya ajiye a bayan ƙofa, kamar yadda kowa a gidan yake yi. Tawa ma a ƙarƙashin gado take, ba wanda ya mutu. Amma shi daga ranar da tsintsiyar nan ta kwana a ɗakinsa, a wurinsa ɗakin ya daina zama wurin da za a sauki mutum.

Ba wai baƙi ba sa zuwa ba ne. A shekarun farko duk wanda ya taso daga ƙasarsu da shanu, ko samarin da suke zuwa cin rani, da sunan ɗan Malam Shitu suke sauka a tasha. Yakan tarbe su da murna har da rawar jiki. Ya kai su wurin mai shayi, ya kai su rumfar tuwo, ya zauna da su a gindin masallaci har hira ta ƙare, ya raka su Zango ya damƙa su hannun mai masauki. In wani ya ce, "To mu je mu ga ɗaki mana," sai ya kama tambayar yadda damina ta yi. Bai taɓa gaya wa ko ɗaya dalili ba. Ta yaya ɗan Malam Shitu zai buɗe baki ya ce da tsintsiyar masai yake kwana, kuma shi ke riƙe ta?

Labari ya koma gida yadda labari yake komawa. Aka ce Almu ya zama ɗan Ikko, ba ya kai kowa ɗakinsa. Wasu suka ce dukiya ya tara, wasu suka ce mace ya ajiye. A hankali masu nemansa suka ragu. Lokacin da na san shi, jirgin arewa yakan zo ya wuce ba wanda ya tambaye shi. In ya ji kukan jirgin yakan dakata da abin da yake yi, ya ɗan saurara, sannan ya ci gaba. Ranar salla in ya dawo daga idi, gidan ya cika da 'yan yawon salla na kowa da kowa, shi yana ciki shi kaɗai da rediyonsa. Abin yana ba ni tausayi, yana kuma ba ni haushi. Na sha gaya masa cewa duk Agege ba wanda ya damu da bayan ƙofar wani. Sai ya yi murmushi ya ce ni 'yar Ikko ce, ba zan gane ba.

A shekarun da kuɗin man fetur suka fara zuba, kowa na sayen rediyo da babur, nama na tsada ana saye, fatake suka yawaita. A lokacin ne wani mai koro shanu ya tare shi a kara, kasuwar shanu, ya ce Alhaji Sunusi yana gaishe shi, kuma yana nan tafe kafin damina ta tsaya, zai kawo shanu ya koma da goro. Sunusi abokinsa ne na ƙuruciya, tare aka yi musu kaciya, tare suka yi ta ɗaukar wa baƙin Malam Shitu ruwa. Tun da Almu ya baro gida ba su sake haɗuwa ba.

Ranar ya dawo da wuri, ya tsaya a kaina ina tsintar wake.

"Rabi, Sunusi zai zo."

"To madalla. Wurin mai shayi za a kai shi shi ma?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Sunusi a ɗakina zai ci tuwo. Ko shi kaɗai ne, a ce wani daga gida ya zauna a tabarmata ya ci abinci kafin in mutu."

Na ce ya kawo kayan in sa a ƙarƙashin gadona. Ya ƙi, wai ni ma ina yin baƙi, ba zai kwashe ƙazantarsa ya kai ɗakin wani ba. Dabarar da ya yi ita ce, ya samo tsohon buhun gishiri ya zuba tsintsiyar da bokitin da kwalbar a ciki, ya saɓa a kafaɗa ya bi gefen layin dogo har rumfar fatu, ya rataye a can. Duk Laraba da safe sai ya je ya ɗauko, ya wanke banɗaki, ya mayar. Tafiyar ba kusa ba ce, ga ruwan sama, ga gwiwa ta fara ba shi wahala. Ɗahiru ya ce min tsohon nan ya fara taɓuwa. Na ce bai taɓu ba, taurin kai ne irin na mutanen da, wanda ba a sayar da maganinsa a kasuwa.

Ya goge bayan ƙofar da toka da sabulu, ya shafa farar ƙasa, ya yi ta turare har hayaƙi na fitowa ta ƙasan ƙofa. Ya sayi sabuwar tabarma da sabuwar buta. Ba wanda ya san ranar zuwan baƙon, saboda haka duk ranar da ake sa ran jirgin arewa sai ya kawo min garin dawa da kuka da nama ya ce in tuƙa, ko da za a dace. In yamma ta yi ba kowa sai ya ce in raba wa yaran gida. Haka muka yi ta yi har yaran suka fara tambayata yaushe jirgin Baba zai sake zuwa.

Sai ga baƙon ya zo ranar Laraba da hantsi, ba ma a jirgi ba, ashe a mota suka biyo shanun.

Ina zaune a lungu ina hura risho. Baba Almu ya fito daga banɗaki ke nan, ba hula, daga shi sai singileti da wando a naɗe har gwiwa, bokiti a hannu ɗaya tsintsiya a ɗayan tana ɗigar ruwa. Sai aka yi sallama daga bakin ƙofar gida. Wani dattijo ne mai jiki, da babbar riga ruwan toka da ƙunshi a hammata. Ya shigo daga hasken rana yana ƙifta ido, ya tako har tsakiyar lungun.

Ya ce, "Malam, don Allah nan ne gidan da Almu ɗan Malam Shitu yake?"

Na ga hannun Baba Almu ya koma baya da tsintsiyar a hankali. Ruwan yana ɗiga a dugadugansa.

Ya ce, "Nan ne. Ya fita."

Na buɗe baki, ya yi min wani kallo na mayar na rufe. Baƙon ya juyo ya dubi inda muryar ta fito. Sannan ya gyara ƙunshinsa.

"To. In ya dawo a ce masa Sunusi ya zo gaishe shi."

Ya juya ya fita. Na zaci Baba Almu zai zube a wurin. Ina, fuskarsa ce ma ta washe don daɗi.

"Kin ga ɗan halak, Rabi? Kin ga wanda ya tashi a zauren babana? Ya gan ni a haka, ya yi kamar bai san ni ba don kada in ji kunya. Lokaci ya ba ni in kintsa. Yanzu za ki ga ya dawo. Ɗora tukunya."

A ranar ce kaɗai ya yarda na karɓi buhun na tura ƙarƙashin gadona, don ba lokacin kai shi rumfa. Ya yi wanka ya sa farar rigarsa ta idi da hula. Na tuƙa tuwon dawa, na kaɗa miyar kuka har da man shanu, na zuba a kwanonin da ya saya na kai. A karon farko na ga ƙofar nan a wangale. Ɗaki ne kamar na kowa, gadon ƙarfe, akwati, rediyo a kan taga. Ya shimfiɗa sabuwar tabarmar a tsakiya ya ɗora matashi, ga kwanon ruwan sha an rufe da faifai. Ya fito da ɗan benci ya zauna a bakin ƙofar gida yana kallon hanya.

Aka yi azahar, ya yi salla a nan bakin ƙofa don kada baƙo ya zo ba ya nan. Aka yi la'asar. Duk mai babbar riga da ya ɓullo daga kwana sai ya ɗan yunƙura, in ya ga ba shi ba ne ya koma ya zauna. Na ce masa ya tashi ya je Zango ya nemo shi mana. Ya ce a'a, in ya je ya nuna ke nan ya san an gan shi, ya ɓata wa Sunusi rufin asirin da ya yi masa. Nan haƙurina ya ƙare. Na ɗauki mayafi na fita ban ce masa komai ba.

A tashar motocin goro na sami Alhaji Sunusi, yana tsaye ana ɗaure tamfol a kan huhunan da aka loda. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ni ce matar da ke hura risho ɗazu.

"Alhaji, tuwonka na can yana hucewa. Tun azahar tsohon nan yake zaune a ƙofa yana jiranka."

Ya dube ni ya ce, "Wanda ya ce min ya fita?"

"Ai kai ka fara. Ka gan shi ka yi kamar ba ka san shi ba."

Ya girgiza kai. "Wallahi 'yar nan ban gane shi ba. Na shigo daga rana, na ga wani tsoho ramamme a cikin duhu, na tambaye shi. Almun da na sani ƙato ne, shi ke kayar da mu a kokawa. Sai da ya yi magana na san shi ne, muryar ce ba ta tsufa ba. Shekara da shekaru ana ce min ba ya son a je inda yake, ina ƙaryatawa, har faɗa na yi da mutane a kansa. Yau ya dubi tsabar idona ya ce min ya fita."

Na ce kunya ce ta sa, saboda tsintsiyar da ke hannunsa.

"Wace tsintsiya?"

Bai ma gan ta ba. Na tsaya a nan cikin hayaniyar 'yan dako na zayyana masa komai, bayan ƙofa, mai shayi, buhun gishiri, tuwon da yara suka yi ta cinyewa. Yana ji yana kallon ƙasa. Da na gama sai ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"A kan tsintsiya. Jinin Malam Shitu ke nan, haka suke." Ya share fuska da hannun riga. "Da na sani da tun safe ina can."

Direba ya riga ya tada mota yana ta danna oda. Goron ba nasa ba ne shi kaɗai, har da na mutane, kuma goro ba ya jiran kowa a zafin nan. Ya waiga hanyar gidanmu, ya waiga motar. Ya zaro ƙunshin nan daga gaban mota ya miƙo min, daddawa ce da kuka daga gida.

"Ki ba shi. Ki ce masa ya yafe min, in Allah ya kai mu baɗi a ɗakinsa zan sauka."

Baɗin ta zo bai zo ba, wadda ta biyo ta ma haka, daga baya muka ji ciwo ya kwantar da shi. Amma a ranar ban san haka ba, na kamo hanya ina murna da saƙon, ina ganin na gyara abin da ya ɓaci.

Na tarar da Baba Almu inda na bar shi, rana ta yi ja. Na ajiye masa ƙunshin a cinya na ba shi labari tiryan-tiryan, ban rage komai ba. Na ce ya ga ni, duk wahalar nan da ya sha a banza ce, mutumin ko tsintsiyar bai gani ba, kuma ya ce zai dawo baɗi. Na zaci wannan zai sanyaya masa rai. Bai ce komai ba a kan tsintsiya, bai ce komai ba a kan baɗi.

"Cewa ya yi bai gane ni ba?"

"Duhun lungu ne, Baba."

"Sunusi bai gane ni ba."

Ya ɗaga hannu ya shafa kumatunsa, ya shafa wuyansa, kamar mai laluben abu a aljihu. Sannan ya juyo ya dube ni sosai, irin kallon da bai taɓa yi min ba.

"Rabi, gaya min gaskiya. Na canza haka ne?"

Na so in ce a'a. Amma duk gidan nan, duk layin nan, ba wanda ya san fuskarsa ta da. Maimuna ce ta sani tana ƙasa, sai wanda motar goro ta tafi da shi ɗazu.

Na ce, "Ban sani ba, Baba. Ni a haka na same ka."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗan ƙara zama yana riƙe da ƙunshin, har aka fara kiran magariba. Sannan ya miƙe da ƙyar ya ɗauki bencinsa, ya ce in miƙo masa buhunsa, ba sai ya kwana a ɗakina ba.